Bindigar Iska a Gona: Wace Ɓarna Take Magancewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a karkarar Mirya, ina da gonar hatsi da gyaɗa, da kuma 'yar garka inda nake noman kabeji da tumatir da rani. Kurege yana tone mini irin gyaɗa, gafiya ta addabi garka da gindin rumbu, ga kuma jan baki idan hatsi ya fara ido. Wani ɗan'uwana mai fatauci ya ce zai sayo mini bindigar iska. Shin za ta raba ni da wannan ɓarna, kuma wace iri zan ce ya sayo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a ɗauke amfani lafiya. Dabbobi uku ka ambata, kuma a cikinsu kurege ne kaɗai zan iya ce maka bindigar iska za ta yi maganinsa yadda kake so. Gafiya tarko ya fi dacewa da ita, jan baki kuwa ya fi ƙarfin kowace bindiga.

Kafin a zo kan saye, akwai maganar hukuma, wadda ban so ka ɗauke ta da sauƙi. Dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, ta ɗora farauta a kan izini, ta jera dabbobin da aka kare, ta kuma haramta farautar dare da amfani da guba. Saboda haka ka fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji na yankinku, ka bayyana musu ɓarnar da ake yi maka da abin da kake niyyar saye, sannan ka nemi bayanin jandarma a kan mallakarta, mai gari kuma ya san da maganar. A halin tsaron da ƙasa ke ciki, wanda ya hango ka daga nesa da ita a kafaɗa ba zai tsaya bambanta ta da bindigar gaske ba. Ƙasashen da ake ƙera ta ma ba su bar ta sakaka ba: a Ingila wadda ƙarfinta ya wuce kimanin jul 16 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi) sai da lasisi, a Jamus iyakar ita ce jul 7.5, Faransa kuwa ta hana farauta da ita gaba ɗaya.

Ita wannan bindiga ba ta amfani da albarushi. Matsattsiyar iska ce ke tura ƙwayar dalma ta fita. Wadda na fi ba manomi shawara ita ce mai sifirin, wadda ake karya bakinta a ɗana ta a sa ƙwaya ɗaya, domin ba ta bukatar komai sai ƙarfin hannu kuma gyaranta ba shi da wuya. Akwai wadda 'yan kasuwa ke kira PCP, mai tulun iska da ake cikawa da famfo na musamman har kusan bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska). Ta fi daidaito, amma tana da tsada, kuma idan robar da ke riƙe iskar ta lalace a ƙauye sai a jingine ta. Mai ɗan tulun gas ban ga amfaninta a nan ba, don ƙarfinta yana sauyawa da yanayi, kuma zafin bazarar Damagaram da ke haura digiri 40 ba ya yi mata daɗi. Faɗin baki iri biyu ne aka fi samu, milimita 4.5 da milimita 5.5. Ƙwayar ta farko kusan rabin giram ce, ta biyun kusan giram ɗaya, kuma ta biyun ce ta fi dacewa da dabba mai jiki kamar kurege. Sai dai ka ce wa ɗan'uwanka ya tabbatar ana samun ƙwayar a kusa, ya kuma sayo gwangwani da yawa iri ɗaya, domin kowace bindiga tana da ƙwayar da ta fi karɓa, kuma da ka sauya iri sai saitinka ya sauya.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne gajeren zangonta. Bindiga mai ƙarfin jul 16 zuwa 20 tana kashe ƙaramar dabba nan take ne idan tazarar ba ta wuce mita 25 zuwa 30 ba, kuma idan an same ta a kai. Bayan wannan tazara ƙwayar tana sunkuyawa, iskar hunturu tana kauce da ita, sai ka raunata dabba ta shige rami ta mutu a hankali, wanda zalunci ne da addini bai yarda da shi ba, kuma warin mushe ne za ka gada a garka. Don haka kada ka nufi abu mai rai sai ka yi gwaji a kan kwali: ka zana da'ira daidai girman murfin kwalbar lemo, ka auna taku talatin, ka jingina kwalin da tudun rairayi. Ranar da ƙwaya biyar a jere suka shiga da'irar, ka isa. Mai sifirin tana da wata ɗabi'a da ke ruɗa sabon hannu, wato tana girgiza gaba da baya kafin ƙwaya ta bar baki, saboda haka ba a damƙe ta da ƙarfi. Ana ɗora ta a tafin hannu a sake, a wuri ɗaya kullum, a ja kunama a hankali.

Kurege da rana yake fita, musamman da hantsi da kuma la'asar, kuma yana da halin da ke ba da shi: idan ya ji motsi sai ya miƙe a kan ƙafafun baya yana leƙe kafin ya ruga rami. Ka gano ramukansa a gefen gona tun kafin shuka, ka zauna a inuwar gawo da iska tana busowa daga wajensa zuwa wajenka, ka yi haƙuri. Kwanakin da suka fi muhimmanci su ne daga ranar shuka zuwa fitowar tsiro, sai kuma lokacin da gyaɗa ta ƙosa. Kurege kaɗan ne ke yin ɓarnar da ake gani kamar ta garke, shi ya sa bindiga ke tasiri a kansa.

Gafiya kuwa da dare take yawo, kuma ka ji abin da doka ta ce game da dare. Tarkon ƙarfe a bakin raminta, da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa a kai, ya fi ka zama da tocila cikin sauro. Ga rumbu, ka ɗaga shi a kan duwatsu, ka share ciyawa da tarkacen kara da ke kewaye, ka toshe ramuka. Ƙananan ɓeraye ma haka ne, domin macen ɓeran gona tana haihuwa bayan kimanin mako uku da ɗaukar ciki, sau da yawa 'ya'ya goma ko fiye, kuma babu mai harbin da zai cim ma wannan lissafi. Kada a ɗauki mushen ɓera da hannu tsirara, don irin wannan ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa; a sa leda a hannu, a binne shi da zurfi.

Jan baki tsuntsu ne da nauyinsa kusan giram 20 ne kawai, amma yana sauka dubbai a lokaci guda, kuma ko ka kashe hamsin a yini ba za a ga giɓi ba. Abin da ke aiki shi ne tsaron gona da gwangwanaye da igiya da majajjawa a makonnin da hatsi ke ido, da shuka a lokaci ɗaya da maƙwabta don ɓarnar ta rarrabu, da kuma gaggauta sanar da ma'aikatan kare tsirrai na ma'aikatar noma idan an gano inda suke kwana ko suke sheƙa, domin a can ake yaƙarsu.

Ina roƙonka da ka kiyaye hannunka daga mujiya da shaho da shamuwa da belbela da bushiya. Mujiya ɓera take ci dare da dare, shamuwa da belbela fara suke tsinta, kuma manomin da ya harbe su ya kori ma'aikatan da ba ya biya.

Haɗarinta ga mutane na gaske ne, tana fasa ido, tana kuma iya kashe yaro. Ƙasarmu ƙasar duwatsu ce, kuma ƙwayar dalma idan ta bugi falalen dutse ko ruwan tafki tana tsalle ta nufi inda ba ka nufa ba, wadda aka harba sama kuma tana iya wuce mita 300. Kada ka harba sai ka ga ƙasa a bayan abin da ka saita, kuma ka tuna cewa cikin dogon hatsi akwai makiyayi ko yarinya mai tsinkar yakuwa da ba ka gani. A gida ka ajiye ta ba a ɗane ba, a kulle, ƙwayar kuma a wani wuri dabam. Kada a harba mai sifirin babu ƙwaya a ciki, kada a ɗiga mata man inji ko man gyaɗa a ramin iska, domin matsin yana kunna man ya ƙone robar. Shafa mai kaɗan a jikin ƙarfen waje da naɗe ta cikin zane saboda ƙurar hunturu ya wadatar. Idan kuma za a ci naman abin da aka harba, a yanke wurin da ƙwayar ta bi a zubar tare da ita, don dalma guba ce, kuma ta fi yi wa yara da masu ciki illa.