Shin Musulunci tsarin mulki ne, kuma wa ke da ikon kiran yaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni ɗalibin jami'a ne, kuma wani musu ya ƙi ƙarewa a ɗakinmu. Wani abokina yana cewa Musulunci addini ne kuma daula, saboda haka duk Musulmin da ke zaune ƙarƙashin gwamnatin da ba ta shari'a ba wajibi ne ya yaƙe ta, kamar yadda Shehu Ɗanfodiyo ya yi. Wani abokinmu Kirista kuma sai ya ce ai ga shi nan, da ma da takobi aka yaɗa addinin. Malam, mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abokan nan naka biyu sun haɗu a wuri guda ba su sani ba. Dukansu sun ɗauka cewa da zarar an ce Musulunci yana da ruwa da mulki, to kowane Musulmi ya zama mayaƙi mai jiran a ce masa tashi. Littattafan fiƙihu ba haka suka faɗa ba. Mu fara da mulkin, domin hukuncin yaƙi a jikinsa yake rataye.

Babu shakka Musulunci ya shiga harkar mulki. Zakka tana buƙatar mai karɓa da mai rabawa, haddi yana buƙatar alƙali, dukiyar maraya tana buƙatar wanda zai tsare ta daga mai ƙarfi. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa Madina a 622, an rubuta yarjejeniya tsakanin Muhajirai da Ansaru da ƙabilun Yahudawa: kowa da addininsa, tsaron gari a wuyan kowa, rigima idan ta tashi a mayar da ita gare shi. Wannan aikin shugaban ƙasa ne.

Sai dai ka lura da abin da nassi ya faɗa da abin da ya bari. Alƙur'ani ya yi umarni da mayar da amana ga masu ita da hukunci da adalci (Nisa'i 58), da biyayya ga shugabanni (Nisa'i 59), ya kuma yabi shawara (Shura 38). Bai tsara yadda za a zaɓi shugaba ko shekarun da zai yi ba. Shi ya sa halifofi huɗu suka hau ta hanyoyi huɗu: an yi wa Abubakar mubaya'a bayan muhawara a Saƙifa, shi kuma ya ayyana Umar, Umar ya bar zaɓi ga mutum shida suka fitar da Usman, aka yi wa Ali mubaya'a a Madina ana tsakiyar fitina. Daga Mu'awiya abin ya koma gado. Mawardi, malamin fiƙihu wanda ya rasu a 1058, ya rubuta littafinsa na hukunce-hukuncen sarauta a Bagadaza lokacin da halifa ba shi da ƙarfin soja a hannunsa, har ya yarda da halaccin amirin da ya ƙwace yanki da ƙarfi, muddin ya amince da halifa ya kuma tsayar da shari'a. Malaman sun fi tsoron ƙasa ta zauna babu shugaba fiye da yadda suke son cikakken tsari.

Mu nan ba sai mun je nesa ba. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ya lissafa abubuwan da yake tuhumar sarakunan zamaninsa da su, kuma da sunayensu na Hausa ya kira su: kuɗin gari, jangali, gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin a ga fuskarsa. Da ya zo faɗin ginshiƙan mulkin Musulunci sai ya ce guda biyar ne: kada a ba da mulki ga mai nemansa, a lizimci shawara, a bar tsanantawa, a yi adalci, a kyautata. Ina son matasanmu su riƙa karanta wannan jerin kafin su fara maganar tuta da sunan daula. Abin da ya ɗaga wa Shehu hankali shi ne talakan da aka ƙwace wa jaki da alƙalin da ke karɓar toshi.

Yanzu yaƙi. Shekara 13 aka yi a Makka ana azabtar da Musulmi ba a ba su izinin ɗaga makami ba. Ayar izinin tana cikin Suratul Hajji (39–40), ta kuma faɗi dalili: an yaƙe su, an zalunce su, an kore su daga gidajensu. Ta ƙara da cewa ba don Allah yana kare wasu mutane da wasu ba, da an rurrushe ɗakunan ibadar ruhubanawa da majami'u da wuraren ibadar Yahudawa da masallatai. Baƙara 190 ta ce a yaƙi waɗanda ke yaƙar Musulmi, kada a ƙetare iyaka. Anfali 61 ta ce idan suka karkata ga sulhu a karkata gare shi, kuma a Hudaibiyya, a 628, an ƙulla sulhun shekara 10 da Ƙuraishawa bisa sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai da yawa ɗaci.

Duk wanda ya tsaya a nan ya ce maka babu komai a fiƙihu sai kare kai, ya ɓoye maka rabin littafi. Akwai ayoyin Suratut Tauba (5 da 29) masu umarni da yaƙi, kuma malaman ƙarnonin farko da yawa sun fahimci cewa shugaba zai iya fita da runduna zuwa ƙasar da babu alkawari da ita, ya gabatar da Musulunci, ko jizya (harajin da waɗanda ba Musulmi ba ke biya), ko yaƙi. Sun raba duniya gida biyu, darul Islam (ƙasar Musulunci) da darul harbi (ƙasar yaƙi), rabon da su malaman ne suka tsara, ba lafazin Alƙur'ani ba ne. Sun rubuta wannan a zamanin da tsakanin Rumawa da daular Musulmi yaƙi ne al'ada, zaman lafiya kuma sai an ƙulla shi da takarda. Ko a lokacin sun yi saɓani a kan dalilin yaƙin: kafirci ne shi kansa, ko kuwa ɗaukar makami a kan Musulmi? Mafi yawansu sun tafi a kan na biyu, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, domin da kafirci ne dalili da ba a hana kashe mace da tsoho ba. A yau ƙasashen Musulmi suna cikin Majalisar Ɗinkin Duniya, sun sa hannu a kan alkawarin rashin kai wa juna hari, kuma cika alkawari wajibi ne a shari'a.

Hanin da na ambata ba ƙawa ba ne. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa wasiyyar da Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan yana raka shi da ƙafa zuwa Sham. Ya ce masa zai tarar da mutanen da suka killace kansu don bauta, ya ƙyale su. Sannan ya lissafa: kada ka kashe mace, ko yaro, ko tsoho tukuf, kada ka sare itace mai 'ya'ya, kada ka rushe wurin da ake zaune, kada ka yanka akuya ko raƙumi sai don ci, kada ka ƙone ƙudan zuma, kada ka ci ganima a ɓoye, kada ka yi ragwantaka. Har zuma an sa a lissafi. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ita ma ta ce ba a kashe mata da yara, ba a kashe wanda aka ba wa aminci, ba a warware alkawari, kuma ɗa ba ya fita yaƙi ba da izinin iyayensa ba sai idan abokan gaba sun afka wa gari. Ka auna wannan da bam a tashar mota, ko harin da aka kai Babban Masallacin Kano ranar Juma'a, 28 ga Nuwamba 2014.

Muhimmin abu shi ne wa ke da ikon kiran yaƙi. A fiƙihu wannan aikin shugaba ne, kamar yadda yanke hukunci yake aikin alƙali. Ba ka yanke hannun ɓarawo a ƙofar gidanka don ka haddace ayar, haka nan ba ka shelanta yaƙi. Game da tawaye kuwa, hadisin Ubada ɗan Samit a Bukhari da Muslim ya hana jayayya da masu mulki sai an ga kafirci ƙarara wanda ake da hujjarsa daga Allah, malamai kuma suka ƙara da sharaɗin iko da tabbacin cewa ɓarnar ba za ta fi gyaran yawa ba. Farkon waɗanda suka tsallake wannan su ne Hawarijawa. Da taken "babu hukunci sai na Allah" suka fita, suka kafirta sahabbai, suka kashe Abdullahi ɗan Khabbab, har Ali ya yaƙe su a Nahrawan a 658.

Abokinka zai ce, to Shehu fa? Shehu ya yi kusan shekara 30 yana wa'azi da karantarwa a Gobir da Zamfara da Kabi kafin a kai ga takobi. Da zama ya gagara a ƙarƙashin Sarkin Gobir Yunfa, hijira ya yi daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804. A can jama'a suka yi masa mubaya'a, wato sai da aka samu shugaba, kuma rundunar Gobir ce ta biyo su aka gwabza a Tafkin Kwatto. Duk da haka abin bai wuce babu tambaya ba. Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Borno ya rubuto yana ƙalubalantar su: da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi, tunda saɓo ba kafirci ba ne? Muhammadu Bello ya amsa, ya kuma adana wasiƙun a Infaƙul Maisur. Shi kansa Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu kuma wazirinsa, da ya ga son mulki da ganima sun shiga zukatan mayaƙa, barin runduna ya yi ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. A 1903 ma da Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira har aka kashe shi a Burmi, Waziri Buhari kuma ya zauna ya yi sulhu don jama'ar da ba za su iya tafiya ba, bayan ya shawarci malamai. Waɗannan manya ne, kuma ba wanda ya ɗauki al'amarin da sauƙin da abokinka ya ɗauke shi.

Halin da muke ciki a Nijeriya bai ma yi kama da na Gudu ba. Ana kiran salla a fili, ana tafiya Hajji ta hannun hukumar gwamnati, kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, jihohi 12 na Arewa kuma sun faɗaɗa aiki da shari'a tun bayan da Zamfara ta fara. Zalunci da cin hanci suna nan, babu mai musu, amma hanyar yaƙarsu a buɗe take ta wa'azi da kotu da ƙuri'a. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha sun zauna shekaru ƙarƙashin Najashi a ƙasar Kirista, ba a ce musu su yi masa tawaye ba.

Shi kuma abokinka Kirista, ka ba shi gaskiyarsa. An ci ƙasashe da yaƙi, daga Sham zuwa Andalus, kuma a ƙarni na 19 rundunonin masarautun Arewa sun kai hare-haren kamun bayi a kan al'ummomi da yawa na tsakiyar Nijeriya. Jikokinsu ba su manta ba, kuma ba ƙarya suke yi ba. Amma cin ƙasa daban, musuluntar mutanenta daban. Misira ta ɗauki ƙarnoni bayan cin ta kafin Musulmi su zama masu rinjaye, Kibɗawa kuma, wato Kiristocin Misira, suna nan da majami'unsu har gobe. Indonesiya babu rundunar Larabawa da ta taɓa takawa, fatake da malamai ne suka kai addinin. Kano ma, bisa tarihin da aka rubuta na sarakunanta, Wangarawa ne suka zo da shi daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, fiye da shekara 400 kafin jihadin Shehu. Wallahu a'alam.