Lemar Zamiya a Kan Ruwa: Amsoshi Ga Masu Niyyar Saye

Tambayoyin wannan karon sun shafi wasan zamiya a kan ruwa, wanda mai yin sa yake tsayawa a kan allo, babbar lema da ke sama tana jan sa da ƙarfin iska ta hanyar igiyoyi masu tsawon mita 20 zuwa 24.

Tambaya: Wani abokina yana so ya sayar mini da lemarsa ƙirar 2003, mai siffar harafin C, da rahusa ƙwarai. Yadinta bai yage ba ko kaɗan, ni kuwa ban taɓa yin wasan ba. In saya in koya da ita?

Amsa: Malam, ba na ba ka shawarar sayenta, kuma dalilina ba ya rataya a kan lafiyar yadin. Ƙirar ce kanta ta fito daga zamanin da masu ƙera lema ba su gama warware babbar matsalar wasan ba, wato yadda mutum zai rage ƙarfin jan lema idan iska ta taso masa ba zato.

Matsalar da aka fara fama da ita ita ce tayar da lema bayan ta faɗa ruwa. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su ne suka yi rajistar mallakar ƙirar lema mai bututun da ake hura wa iska a 1984, ta yadda idan ta faɗi za ta yi yawo a saman ruwa ba tare da siffarta ta rushe ba. A Amurka kuwa Bill Roeseler, injiniya a kamfanin Boeing, shi da ɗansa Cory sun bi wata hanya dabam da KiteSki, wadda ta shiga kasuwa a 1994: lema ce mai ƙasusuwa masu tauri, da abin naɗe igiya a jikin sandar riƙo, sai mutum ya naɗo lemar har ta iso hannunsa sannan ya sake sakinta sama. Dabarar Faransawan ce ta yi rinjaye, aka fara sayar da ita da sunan Wipika a 1997. Sai dai lemar farkon igiya biyu gare ta, kuma igiya biyu juyawa dama da hagu kawai suke iyawa. Duk abin da iska ta zo da shi, a jikin mai wasan yake ƙarewa.

Da aka koma igiya huɗu, na gaba biyu suna ɗaure da ɗamarar ƙugu, na baya biyu suna bakin sanda, sai ya zama idan an tura sanda gaba lemar tana ɗan kwantar da fuska ta zubar da wani kaso na iskar. A lema mai siffar C irin ta abokinka, wannan kason kaɗan ne. Canjin gaske ya zo a 2005 da lema mai siffar baka, wadda ita ma ta fito daga tunanin Bruno Legaignoux, kuma Crossbow ta kamfanin Cabrinha na cikin na farko da suka shahara. An baje lemar ta fi ta da faɗi, aka ɗaura wa bututun gaba ƙananan igiyoyi masu rassa da ke riƙe siffarsa, don haka sakin sanda kaɗai yana kashe mafi yawan ƙarfin. Ko waɗannan na farkon ma ba zan ce ka nema ba, domin sandarsu tana gajiyar da hannu, kuma sukan kife ciki ya koma waje. An gyara wannan a ƙirar da ta biyo baya, irin Bandit ta kamfanin F-One da ta fito a 2007. Mai koyo yana yin kuskure kowane minti, saboda haka lemar da ke yafe kuskure yake bukata. Ka fara da darasi wurin ƙwararren malami da kayan makarantarsa, sannan ka nemi lema ta hannu wadda ba ta wuce 'yan shekaru kaɗan ba.

Tambaya: To idan ta hannun zan saya, me zan duba?

Amsa: Ka hura ta da famfo har ta yi tauri, ka toshe hanyoyin da ke haɗa babban bututu da ƙanana, ka bar ta kamar rabin awa. Bututun da ya saki, biladar da ke riƙe iska a cikinsa ta huje ko bawul ɗinsa ya fara ɓanɓarewa, abin da ya zama ruwan dare ga lemar da aka saba barinta cikin mota a rana. Wannan yana gyaruwa. Abin da ba ya gyaruwa shi ne yadin da rana da yashi suka cinye: ka murza shi tsakanin yatsunka, sabo yana ƙara kamar takarda, wanda ya gaji kuwa laushi yake yi. Ka ɗaga shi ga haske ka nemi ƙananan ɓuli, musamman a gefen baya inda iska ke kaɗa shi. Igiyoyin kuma ka ɗaure su a wuri ɗaya ka ja sandar, ka ga ko tsawonsu ya zo daidai.

Inda ba na so ka yi tsimi shi ne sandar da makullinta na gaggawa, wanda ake turawa gaba da hannu ɗaya mutum ya rabu da jan lema nan take. Tun 2020 akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 21853 a kan wannan makulli, kuma tsofaffin sanduna da yawa an ƙera su ne kafin a daidaita yadda ake buɗe shi.

Tambaya: Na kalli gasar wannan wasa ta Olamfik ɗin 2024 da aka yi a Marsai ta ƙasar Faransa, na ga lemomin 'yan wasan dogaye sirara, ba a hura musu iska da famfo. Tunda su zakaru ke amfani da su, ba su ne suka fi ba?

Amsa: Malama, sun fi a tsere, kuma asalinsu ya girmi na masu bututu, domin Domina Jalbert ya ƙirƙiro irin wannan fiffike tun 1964. Yadi ne hawa biyu da aka raba ɗaki-ɗaki, iskar da ke shiga ta gaba ita ke cika shi ta ba shi siffa. Ba shi da nauyi, yana tashi a iska mai rauni, yana kuma kutsawa cikin iska fiye da mai bututu, shi ya sa ake haɗa shi da allo mai fiffike a ƙarƙashi wanda ke ɗaga mutum sama da ruwa. Amma igiyoyin rassansa suna da yawa kuma suna saurin harɗewa, sannan idan ya daɗe a ruwa sai ya sha ruwa ya ƙi tashi, ba kuma zai zame miki abin dafawa ki iso gaɓa ba kamar yadda mai bututu zai yi. Idan har yanzu lemarki tana yawan faɗuwa, ki zauna a kan mai bututu.

Tambaya: Wani mai gwada wa kamfani kaya ya yi mini tayin samfurin gwaji, ya ce irinsa bai shiga kasuwa ba tukuna. In saya?

Amsa: Kamfanoni sukan ɗinka samfura da dama kafin su tsayar da guda, kuma ba ka da hanyar sanin ko wannan shi ne wanda aka zaɓa ko ɗaya daga cikin waɗanda aka ajiye saboda aibi. Ba shi da garanti, biladarsa ba lallai ta yi daidai da ta kasuwa ba, kuma idan igiyar reshe ɗaya ta tsinke babu takardar awo da mai gyara zai duba. In kai ƙwararre ne mai wata lemar a ajiye, kuma farashin ya faɗi sosai, ka nemi ya ba ka awon igiyoyin a rubuce da bilada ta canji kafin ku yi ciniki.