Ku Tambayi Bakanike: An Sauke Inji, Kuma Yana Buga Ƙara

Tambaya: Fijo 504 gare ni, haɗin Kaduna. An sauke injin, an gurza kiranshaf (sandar da fistan ke juyawa a ƙasan inji), an sa sabon metal (ɓawon ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a ciki) da ringi. Ban yi kilomita 300 ba sai ga wata ƙara, ƙwan-ƙwan, da zarar inji ya yi zafi. Bakanike ya ce sabon aiki ne, zai zauna. In ci gaba da tuƙi? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Malam, ajiye motar tukuna. Ƙarar da ke fitowa bayan inji ya yi zafi ba ta zama da kanta, ƙaruwa take yi. Amma kafin a kwance komai, a tantance daga ina take.

A samu dogon sukurdireba, a ɗora bakinsa a jikin inji, a kara mariƙin a kunne. In ƙarar siririya ce, cak-cak daga saman murfi, tafet ne, wato ratar bawul ce ta yi yawa, aikin rabin awa. A 504 ana saita bawul ɗin shiga a 0.10 mm, na fita a 0.25 mm, inji na sanyi, kuma dama ya kamata a sake ɗaure kan inji a gyara bawul bayan kamar kilomita 1,000. In kuwa ƙarar kamar tsakuwa a gwangwani ce, sai an taka wuta a hawan tudu take fitowa, to tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya yi gaba, ko an goge kan inji ya wuce kima. A mayar da tayimin baya kaɗan a saurara. Fistan da ya yi sako-sako a silinda shi da safe yake ƙara, zafi na shiga ya yi shiru, akasin taka ke nan.

Taka ta fi kama da metal ɗin kon-rod, wato sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf. Ga gwajin: inji na aiki, a riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba. Silindar da aka cire wa wuta ƙarar ta ragu, nan cutar take. Sai a juye baƙin mai a faranti mai tsabta a kai rana. In ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, metal ya fara ci.

Me ke jawo haka a sabon aiki? Mafi yawa rashin awo ne. A gurza kiranshaf 0.25 mm, wanda makanikai ke kira “ten”, sannan a sayo metal sitanda, wato na kiranshaf ɗin da ba a gurza ba, ko kwali ya ce 0.25 abin da ke ciki daban. Ratar da ake so tsakanin metal da kiranshaf ƴar mitsitsiya ce, wajen 0.03 zuwa 0.06 mm, ba ta kai kaurin gashin kai ba. Yatsa ba ya auna wannan, sai maikuromita, na'urar awo mai tsananin daidaito, ko zaren Plastigauge, siririn zaren roba da ake matsewa a ratar don a auna ta. Na biyu, ƙin wanke ramukan mai na cikin kiranshaf bayan gurza. Garin ƙarfen da ya maƙale a ciki shi zai fara isa ga sabon metal. Na uku, musanya hulunan kon-rod, wato rabin zoben da ake ɗaurewa da noti a ƙasan kowace sanda. Kowace hula da sandarta aka ƙera ta, ta lamba 2 ba ta zama a lamba 3, ko da ta shiga. Sai kuma ɗaure noti da ƙiyasin hannu ba da sifanar awo ba, da mayar da tsohon famfon baƙin mai cikin sabon aiki, abin da ke ba mu takaici ƙwarai, don kuɗinsa bai kai na sake gurza ba.

A ɗaura gejin auna matsin baƙin mai a ramin da suwic ɗin fitilar baƙin mai yake, kada a dogara da jar fitilar dashbod, ita sai abu ya lalace take kamawa. Ƙa'idar da aka saba ita ce matsin kusan bar 0.7 a gejin a kowane juyi 1,000 na inji a minti, inji na da zafi. In bai kai ba, a sauke kaskon mai a buɗe hular silindar da ake zargi. In an tari abin da wuri, kiranshaf bai yi zane ba, sabon metal mai awo daidai ya wadatar. In farce na maƙalewa a jikinsa, sai an koma gurza zuwa 0.50, a kuma auna ramin kon-rod ɗin ko ya buɗe.