Amsa ga ɗana mai tambayar farmin tuƙi kafin ya zo Faransa

Ɗana, saƙonka na murya ya iso, kuma na saurare shi har ƙarshe duk da tsawonsa. Ka ce ka gama a Jami'ar André Salifou, kana neman zuwa Faransa ƙaro karatu, kuma wani a tasha ya yi maka alkawarin fito maka da farmi cikin mako guda in ka ba shi kuɗi, ba sai ka zauna jarrabawa ba, tunda ka iya mota tun kana yaro. Ka ce in ka iso da shi za ka riƙa taksi ko kai kaya da dare ka ci da kanka, don haka in taimaka da kuɗin. Ba kai kaɗai ke mini wannan tambaya ba. Daga Birni, daga Zango, daga Garin Malam, duk wata sai wani ya aiko da irinta. Na gaji da maimaitawa a waya, shi ya sa na rubuta a fili.

Kuɗin waccan takarda ba zan aiko ba, ko dala. In ka shiga oto-ekol, wato makarantar koyon tuƙi, ta gaskiya nan Damagaram, ka zauna kod, wato jarrabawar dokokin hanya, ka yi jarrabawar tuƙi da hannunka, to rabin kuɗin a wuyana. Maganar biza kuwa daban take, ka san yadda ta koma tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024. Yau ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Ga abin da ya sa na ce ka yi na gaskiya, kuma ka yi shi kafin ka taso. Dokar nan ta yarda ɗalibi baƙo ya yi tuƙi da farmin ƙasarsa duk tsawon karatunsa, muddin farmin bai mutu ba, kuma ya same shi tun kafin a ba shi takardar zama. Wanda ya zo hannu rabbana, ya koma gida hutu ya ciro farmi, ba a karɓar nasa. Wanda ba ɗalibi ba kuwa shekara ɗaya tak gare shi, a cikinta zai nemi musanya da na Faransa, shi ma sai in ƙasarsa tana cikin jerin waɗanda aka yi yarjejeniya da su. Jerin nan canzawa yake, a 2020 an cire wasu ƙasashen Afirka, har da Senegal. Ranar da ka iso ka duba shi da idonka, kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka a majalisar shayi. Kuma a wurin musanya suna neman sabuwar takardar shaida daga hukumar da ta ba ka farmin, mai nuna cewa sunanka na cikin rajista kuma ba a soke shi ba. Mutuminka na tasha daga ina zai kawo maka wannan? Tuƙi da farmin jabu a nan hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 5 da tarar yuro 75,000, kuma ranar sabunta takardar zama sai an buɗe wannan shafi a gabanka.

Waccan takardar shaida ce ta ci ni. Na turo kuɗi gida, na roƙi wani ɗan uwa ya je ya karɓo mini ita, ya yi ta ce mini gobe, gobe, har wa'adina ya cika. Har yau in mun haɗu a biki muna gaisawa, amma abin bai fita raina ba. Ni da na fara daga yaron mota, na yi shekaru ina ɗaukar fasinja daga Damagaram zuwa Kano ta Matamaye da Maimujiya, na bi hanyar Tanut zuwa Agadas lokacin da ramukan suka fi kwaltar yawa, sai ga ni zaune a aji ɗaya da yara ƴan shekara 18, muna kallon hotuna a bango ana tambayarmu wa zai fara wucewa.

Kod ɗin bai wahalar da ni sosai ba, kai ma da faransancinka ba zai wahalar da kai ba in ka yi karatu. Tambaya 40 ce, sai ka ci 35, kuɗin zama yuro 30, kuma in ka ci yana aiki shekara 5. Tarkon yana cikin hoton ne. Za ka ga hanya fetal a gabanka, ashe can a kusurwar madubi akwai mai babur ƙarami kamar ƙuda, shi ne amsar.

Tuƙin ne ya nuna mini abin da ban taɓa zato ba. Ranar farko malamin, yaro ne da na isa in haife shi, ya ce in ja mu tafi. Na ɗaura bel, na saki kuloci ko girgiza motar ba ta yi ba, na shiga hanya. Ba mu yi nisa ba ya ce in tsaya. Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa madubin tsakiya ya ce ban duba ba. Na ce na duba. Ya ce shi bai ga na duba ba, kuma abin da mai jarrabawa bai gani ba, ba a yi shi ba. Mu a gida da wutsiyar ido muke duba madubi, sauran kuma kunne ne da oda. A nan sai ka duba na tsakiya, ka duba na gefe, ka sa sigina, sannan ka juya kanka gaba ɗaya ka leƙa ta kafaɗa inda madubi ba ya kaiwa, duk lokacin da za ka canza layi ko ka karya kwana. Dalilinsu mai ƙarfi ne, don masu keke a nan ta gefen damanka suke sulalewa ba ko ƙara. Oda kuwa a cikin gari an hana, sai in haɗari ne ke gabanka.

Wannan duk na haɗiye, don koyo ne. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ranar da ya tambaye ni, yana dariya, ko a ƙasarmu akwai titi, ko kuwa a kan raƙumi na koyi tuƙi. Na riƙe sitiyari na yi shiru, saboda awar da nake ciki da gumina na biya ta. Mutumin da bai taɓa fitar da mota daga rairayi ba, bai taɓa ɗaure tiyo da roba a dokar daji da fasinja cike suna jiransa ba. Ka shirya jin irin wannan. Ba kowa ne haka ba, malamar da na koma wurinta daga baya mutuniyar kirki ce, ita ta fara ce mini hannuna ya fi nata, idona kawai za a gyara. Amma za ka gamu da masu rainin, kuma in ka biye musu kuɗinka ne zai ƙone.

To, kuɗi. Doka ta ce awa 20 mafi ƙaranci a mota mai kuloci, awa 13 a mota otomatik, amma yawancin mutane sai sun kai 30 ko fiye kafin makaranta ta yarda ta kai su jarrabawa. A manyan birane awa ɗaya tana kai yuro 50, wani wurin ta wuce. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ka ga kowace awa jika 33 kenan. Kafin farmi ya shigo hannu, tsakanin yuro 1,500 da 2,000 sun tafi, wato miliyan ɗaya na sefa zuwa sama. Makarantar da na fara shiga kullum sai a ce saura kaɗan, a ƙara mini awoyi, don sun ga baƙo ne da bai san inda zai kai kuka ba. Kafin ka sa hannu a kowace takarda ka tambayi kuɗin ƙarin awa, da abin da zai faru in kana son canza makaranta. In aljihu ya yi ƙunci, ka fara da otomatik, daga baya awa 7 na horo sun isa a buɗe maka mai kuloci ba tare da wata jarrabawa ba.

Ita jarrabawar minti 32 ce. Mai jarrabawa yana zaune a damanka da na'urarsa a cinya, yana da nasa birkin a ƙarƙashin ƙafa, malaminka yana baya ba ya cewa uffan. Maki 31 ne, ana son 20. Za a sa ka ja da baya ko ka yi fakin, a sa ka tsaya daidai inda aka nuna, a bar ka wajen minti 5 ka bi alluna da kanka, a tambaye ka wani abu a jikin motar da kuma taimakon farko ga wanda ya ji rauni. Har ladabi ga sauran masu hanya yana da makinsa. Amma duk makin nan banza ne in ka yi kuskure ɗaya daga cikin masu kayarwa: ka wuce allon tsayawa taya ba ta tsaya cak ba, ka ƙetare farin layi marar yanka, ka hana mai dama hakkinsa a mararrabar da ba allo, ko ka sa mai jarrabawa ya taka birki ko ya kama sitiyari. Ba a gaya maka sakamako a wurin, sai bayan kwana biyu ka duba a intanet. Wajen mutum huɗu cikin goma faɗuwa suke, har da ƴan ƙasa da aka haifa cikin wannan tsari. In ka faɗi kuma, a wasu garuruwan sai ka yi watanni kana jiran sabuwar rana, kana ci gaba da biyan awoyi don kada hannu ya huce.

Na san wani dattijo daga wajenmu, tsohon direban tanka, wanda ya faɗi saboda wata tsohuwa da ke tsaye a bakin layin masu ƙafa da keken cefanenta. Ko ƙafa ba ta sauke a titi ba. Shi ya auna ya ga zai wuce lafiya, mai jarrabawa ya taka birki, magana ta ƙare. A dokar nan, wanda ya nuna alamar yana son ƙetarewa ma sai ka tsaya masa. Da ya zo gidana da daren nan bai iya cin tuwo ba. Ka tuna yadda kuke kutsawa tsakanin kabu-kabu da adaidaita da amalanke a bakin kasuwar Dole, kowa yana auna kowa da ido. Wannan gwanintar, wadda kake alfahari da ita, ita ce za ta fara kayar da kai.

Samun farmin ma ba shi ne ƙarshe ba. Sabon direba da maki 6 yake farawa, sai ya yi shekara 3 ba laifi kafin su cika 12. Zai manna harafin A a bayan mota, a babbar hanya gudunsa zai tsaya a kilomita 110 a awa inda wasu ke 130. Waya a hannu tarar yuro 135 ce, a kuma cire maka maki 3. Jar wuta maki 4. Ƙin tsayawa mai ƙafa maki 6, wato a shekarar farko farmin ya tafi gaba ɗaya, ka jira wata shida ka koma tun daga kod. Kuma ba jandarma ba ne da za ka sauko ka ce ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Na'ura ce a kan ƙarfe take ɗaukar lambar mota, takarda ta same ka a gida. Inshora kuma a shekarar farko tana iya ninkawa ga sabon direba. Masu cewa a hau haka nan ba farmi, tarar farko yuro 800 ce, sama da rabin miliyan. Wanda ya buge mutum ba inshora, akwai asusun da ke biyan wanda aka buge, sannan ya juyo kan direban ya karɓi kuɗinsa, ko da zai kai shi tsufa yana biya.

Batun taksi da kai kaya, cire shi daga lissafinka tun yanzu. Ɗalibi baƙo awa 964 aka yarda ya yi aiki a shekara, kuma aikin albashi ne a ƙarƙashin wani, takardar ɗalibi ba ta ba shi damar buɗe sana'ar kansa ba. Masu ɗaukar fasinja ta manhajar waya sai farminsu ya fita daga shekarun gwaji, sai sun ci wata jarrabawar daban, an ba su katin sana'a. Yaran da kake gani a Facebook jingine da manyan motoci ba za su gaya maka da sunan wa suke aiki ba, ko nawa mai sunan ke yanka a cikin guminsu. A birni kamar Liyon, inda nake, ɗalibi da katin bas da jirgin ƙasa ya fi mai mota kwanciyar hankali. Amfanin farmi yana fitowa ne ranar neman aiki, lokacin da ma'ajiyar kaya ko masana'anta take bayan gari, ana shiga ƙarfe biyar na asuba, ba bas.

Ni da wannan farmi na tashi daga wanke-wanke a gidan abinci. Bayansa na yi na babbar mota, na zauna horon awa 140 da ake nema ga direbobin kaya, yau da shi nake ciyar da gidana a nan da can, kuma makina 12 cif suke. Ba wanda ya ba ni kyauta, shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ɗan yayata yana cinikin takarda a tasha.

Kafin ka taso, ka sauke manhajar kod ta Faransa a wayarka, ka riƙa tambaya 40 kullum bayan isha'i. In ka hau motar babanka ka ɗaura bel ko zuwa Sabon Gari ne, ka juya kai kafin kowace kwana, ka tsaya cak a inda allo ya ce a tsaya ko da na baya zai cika maka kunne da oda. Farminka na asali ka taho da shi, ba hoto ba, kuma ka san ƙofar ofishin da ke ba da takardar shaida da ƙafarka, ka bar wakili mai amana wanda ka gwada shi. Ka gaida mini Yaya, ka ce mata zan kira ranar Juma'a.