Filin awon igiya da ɗan hayan da ya ƙi tashi

Tambaya: Malam, na yi ritaya daga koyarwa, an biya ni kuɗin sallama. Dillali ya nuna min fili hamsin-hamsin a bayan garin Kano, awon igiya ne, da araha. Ya ce in ban biya a satin nan ba wani zai ɗauke. In saya in gina ɗakunan haya?

Amsa: Baba, "wani zai ɗauke" tsohuwar waƙar dillalai ce, kada ta tayar maka da hankali. Awon igiya gona ce aka yayyanka ba tare da shatar gwamnati ba. Ba duka ne ke da matsala ba, unguwanni da yawa da haka suka kafu, amma wanda ya faɗa kan hanya, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babban layin wuta, ranar rusau ba mai jin kukansa. Tun daga dokar ƙasa ta 1978, filayen jiha amana ce a hannun gwamna, kai haƙƙin zama kake saya. Saboda haka takardar mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ita ce takardar mallaka ba. Ka je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, a duba maka matsayin wurin, ka kuma tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ko za su ba da izinin gini a can.

Sannan ka je da ƙafarka, kai kaɗai, ba tare da dillalin ba. Na taɓa raka wani ɗan'uwana ganin fili da rani, ƙasa a bushe ƙayau, har ya fara lissafin bulo. Sai na lura da katangar maƙwabci: ga zanen gansakuka ya kai gwiwa, ƙofar gidan kuma an yi mata dakali mai hawa uku. Wani mai shayi a bakin layin ya ce mana a watan Agusta sai an naɗe wando ake shiga. Da haka cinikin ya watse.

Ka bincika ko gonar gado ce. In gado ce, kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidajen aurensu, don su ake yawan mantawa, daga baya kuma a haɗu a kotu. Kuɗi ta banki, da sunan mai filin, ba na dillali ba. Wani abu kuma, Baba: wa zai kama haya a wurin? In babu ruwa, babu wuta, Adaidaita ba ta shiga, ɗakunan za su zauna a kulle. Ni da zan zaɓa, gara ƙaramin tsohon gida kusa da makaranta ko kasuwa, a yi masa kwaskwarima.

Tambaya: Ni bazawara ce, hayar gida nake ci da marayu. Ɗan hayana ya yi wata takwas bai biya ba. Ƙanena ya ce mu cire masa ƙofa. Ya halatta?

Amsa: Hajiya, kada ku taɓa ƙofar nan, kada ku yaye kwano, kada ku yanke ruwa. Kina da gaskiya yanzu, kina cirewa ke za a kai ƙara. Hanyar doka ita ce notis a rubuce. In yarjejeniyarku ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai hayar shekara wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata guda. Wa'adin na cika sai notis na kwana bakwai, daga nan kotu. Lauya ya rubuta, don kuskuren kwanan wata kaɗai na iya mayar da ke farko.

Kafin nan ki gwada sulhu gaban mai unguwa: ki yafe wani ɓangare na bashin, shi kuma ya sa ranar tashi a takarda, da shaidu biyu. Da ciwo, na sani, amma yakan fi zaryar kotu sauƙi. Wanda zai shigo bayansa, ki nemi wanda zai tsaya masa, ki riƙa ba da rasit.

Tambaya: Gidana mai 'yan haya huɗu ne, kullum faɗa kan kuɗin wuta.

Amsa: Alhaji, raba musu mita mai kati, kowa da tasa. In kamfanin wuta ya yi jinkiri, sa ƙananan mitoci a ƙofar kowane sashe, a karanta gaban kowa ƙarshen wata. Mai firiza da hita ya biya nasa.