Amsa kan tsofaffin libarba masu ƙaramin harsashi

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka tambaya me ake gani a tsohuwar libarba mai ƙaramin harsashin nan da ake kira .22, alhali ga bindigogin zamani. Wallahi daɗin harbinta ne ya fi jan mutane. Ba ta fizgar hannu, ƙararta kaɗan, harsashin ba tsada, shi ya sa mai koyon saiti ke natsuwa da ita. Shi kansa harsashin .22 LR (wato Long Rifle, wani nau'in .22) tun 1887 yake, har gobe ana yinsa.

Masu tara tsofaffin bindigogi kuma aikin hannu suke bi. Ɗauki libarbar K-22 ta kamfanin Smith & Wesson, wadda ta fito a 1931: baƙin ƙarfe mai sheƙi, mariƙin itacen goro, ka ja kunamarta ka ji laushi. A ganina Ruger Single-Six ta 1953 ta fi juriya, amma ba ta kai ta kyau ba.

Kada ka danna kunama ba harsashi, tsofaffin suna lalacewa a bakin ramin harsashi. Ɗanshin Jidda kuma tsatsa yake kawowa, sai da shafa mai.

Kafin komai, nan Saudiyya sai da lasisin Ma'aikatar Cikin Gida, ka fara tambayar sharuɗɗansu.