Tambaya da Amsa: Shin mai basira zai iya rasa hankali?

Tambaya: Malam, malamin ɗana ya shaida mini cewa yaron yana da basira ƙwarai, amma ba shi da hankali. Maganar ta tsaya mini a rai, domin a iya sanina mahaukaci ne ake cewa ba shi da hankali. Shin akwai bambanci tsakanin kalmomin biyu? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, malamin bai kira ɗanki mahaukaci ba. Kalmar hankali daga Larabci muka aro ta, kuma a wurin malaman fiƙihu ma'anarta ita ce wadda kika ɗauka, domin hankali sharaɗi ne na wajabcin salla da azumi, wanda nasa ya gushe kuwa an ɗauke masa alƙalami. Amma a bakin Bahaushe kalmar ta faɗaɗa, har ta koma nufin natsuwa da ladabi da sanin ya kamata. Shi ya sa idan dattijo ya ce wance yarinya ce mai hankali, ba makinta na jarrabawa yake yabo ba, yadda take gaida manya da yadda take auna magana kafin ta furta yake nufi. Ki duba ma yadda muke cewa a tafi a hankali, ko a yi hankali da wuta: duk taka tsantsan ake nema.

Basira kuwa kaifin fahimta ce, irin ta almajirin da ake biya wa allo sau ɗaya ya riƙe. Baiwa ce, kuma tana iya zama a kan yaro mai rawar kai, wanda hankalinsa sai tarbiyya da shekaru sun gina shi.

Kalmar da ni na fi jin tsoronta ita ce wayo. Idan aka ce jariri ya fara wayo, murna ake yi, domin ya soma gane mahaifiyarsa. Amma idan aka ce babban mutum ya cika wayo, to an jera shi da Gizo na tatsuniya, kuma wanda ya ce an yi masa wayo kukan cuta yake yi. Malamin bai jingina wa ɗanki wannan ba.

Shawarata ita ce ki koma wurinsa ki tambaye shi wace ɗabi'a ya gani, surutu a aji ne ko rashin girmama na gaba, domin maganin kowanne daban yake.